Fiffiken da Aka Kife

"Na sabunta maka iƙama, takardar zamanka ta shekara biyu," in ji maigidan daga kujerar baya, idonsa na kan waya. "Ban ma tambaye ka ba, ai ka zama ɗan gida."

Direban ya haɗiye maganar da ya yi sati yana shiryawa. Damagaram yake son komawa, don mahaifiyarsa ta fara manta fuskoki. Shekara goma sha ɗaya hanyarsa guda ce: gonar dabino a Awali, masallacin Ƙuba, gida.

Maigidan gwajin tseren motoci yake kallo, irin masu tayoyi a waje. Kowace ita kaɗai take zagaya fili sau huɗu, hagu kawai take karyawa, wadda ta fi gudu ita za ta tsaya gaba ranar gasa.

"Kilomita ɗari uku da saba'in a awa, mashallah! Duba," in ji maigidan.

Da suka tsaya a danja direban ya leƙa, ya ga fiffike a bayan motar tseren. "Ya ammi, ranka ya daɗe, da fiffike haka, ba ta tashi sama?"

Maigidan ya yi dariya. "Kife shi suka yi, iska ta riƙa danna ta ƙasa. In an sassauta shi tana ƙara gudu, amma sai ta kuɓuce. Shi ya sa ake sassautawa kaɗan-kaɗan." Ya dafa kafaɗar direban cikin kulawa. "Na sa a saka maka sabon mukayyif mai sanyaya ɗaki, zafi ya kusa."

"Jazakallahu khairan."

Hannun bai bar kafaɗarsa ba. Danja ta ba da hanya, ya karya hagu.