Jan Lalle a Farce

"Inna, dangwala mini yatsanki a nan," in ji ɗiyata, ta miƙo takarda mai rubutun Faransanci. Shekararta goma sha shida. Dawowarta ke nan daga ƙetaren iyaka, wai kasuwa ta je.

Hannuwana duka suna ƙunshe cikin lalle, ana bikin ƙanwata a Kende.

"Ke ba ki da ido? Bari in kwance tukuna. Takardar mi ce ma?"

Ta daɗe tana kallona. "Ba komai, Inna."

Kwana shida bayan haka ta sha wani jiƙo a ɓoye, jini ya ɓalle mata. Ba mu kai asibitin Bagudo da ita da rai ba.

Bayan sadakar arba'in na tsinci takardar ƙarƙashin katifarta. Wani direba mai zuwa ƙasar Benin ya karanta mini, kansa a sunkuye: likita ba zai cire cikin yarinya ƙarama ba sai da yardar uwa ko uba.

Da zan yarda? Wallahi ban sani ba. Ban ko sake tambayarta ba.

Lallen ya goge daga tafina. A farcen babban yatsana kawai ya rage, kullum yana matsawa baki. Na ƙi yanke shi.