Ka Tsaya a Kore

Masu neman auren 'yata na sallama, ta ɗora wayarta a gwiwata.

"Baba, don Allah ka tsaya a kore, kada su zaci faɗa kake." Ta ruga ciki.

Tun da kunnena ya yi nauyi, maganata ta koma shela. Ita da ta karanta kwamfuta sai ta rubuta wani shafi a burauzar waya, yana saurare ta makirfo, yana auna ƙarfin muryata da wani layi: kore mutunci, ja abin kunya. Sati biyu waya tana koya mini ladabi.

Na yi musu maraba a hankali, layin bai bar kore ba. Kawun yaron ya kafe ni da ido, fuska a murtuke.

Can ya kama kunnensa ya kwatsa: "Alhaji, tun daga Karu muka zo! In ba ka son ba mu ita, faɗa da ƙarfi, ba na ji!"

Na kife wayar. A zaman nan aka sa rana, rabin unguwarmu ta Lugbe shaida.