Murfin Kabad Ɗin Malama

Kafintan nan bai taɓa ɓata aiki ba sai a gidan Malama, mai koyarwa a makarantar bayan shagonsa. Ranar da ya kafa mata kabad a kicin, tana miƙo masa ruwa ya ɗaura hinjis ɗin a karkace. Ko ƙofar gida bai kai ba murfin ya sunkuyo. Tun daga nan gyara ya ƙi ƙarewa: yau ya ɗaure na sama, jibi ya dawo duba na ƙasa.

Ran nan ya zo da sukundirebarsa, ya buɗe murfin, ya rufe. Daram, ko ƙara babu.

"Ni na gyara," in ji Malama daga bakin ƙofa. "Ramin sukurun ne ya yi faɗi. Na cusa tsinken ashana da gam, na ɗaure."

Ya sake buɗewa, ko Allah zai sa ya sami aibu. Bai samu ba.

"An yi mini canjin makaranta, ƙarshen wata zan tashi," ta ce, idonta a kan hannunsa. "Amma dai abin da mamaki, Malam. Kafinta guda, murfi ɗaya ya gagare ka?"

Ya yi ta juya sukundirebar, sannan ya jefa ta aljihu, ya ɗago.

"Ramin nan tuni na gan shi, Malama. Maganar ce ta gagare ni. Yayanki yana gida gobe?"