Abin da Kunne Ya Ji

Ya sauko daga mota da ɗalibai goma sha biyu, har da tafinta. Tafinta! Ƙanena, wanda na goya a wannan gonar riɗi ta Gadambaliya, yau shi ne duktur mai koyar da aikin jarida a Khartum, kuma wai ba ya jin Hausa.

Shekara ashirin ke nan da ya hau lori ya tafi. Yanzu ya dube ni, ya dubi Inna tana sunkuye da lauje, ya kawar da kai kamar ya ga kututture.

"Darasin farko," ya ce wa ɗaliban da Larabcin birni, "ɗan jarida ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da kunne ya ji, shi alƙalami zai rubuta. Ku tambayi miskinan nan yadda suke rayuwa."

Miskinai. Na tofar da yawu, na ci gaba da yanka.

Ya jingina da tarin riɗin da muka jera ya bushe, don a ɗauke shi hoto. Ashe boko ya mantar da shi abin da ke laɓewa a gindin tarin. Kunama ta harbe shi a idon sawu.

"Wayyo Inna! Na mutu!"

Tafinta ta buɗe baki, ta rasa abin fassarawa. Inna ta yar da lauje.

"Na'am, auta."

Na juya ga ɗaliban, na ce musu da Larabcin gona, "Ku rubuta. Ba ƙari, ba ragi."