Ramuka Biyu a Hanci

"To ni ta ina zan yi numfashi, maigida, in ka lafta mini wannan abu a fuska?"

Don Baldomero ne, dillalin alkama, da ya zo a sassaƙa masa kamanninsa da dutse. Clorinda tana shara a bayan labule ta ji shi.

Mijinta Evaristo ya yi dariya. "Bututun kara biyu zan zura maka a hanci. Ban taɓa kashe mai biyana ba. Kwanta, ka rage surutu, kada tumbin nan ya fasa mini aiki."

Ba ta taɓa kallon yadda ake yi ba. Ta leƙa. Aka shafa mai, aka zuba masa kwaɓaɓɓen farin filasta a fuska, mutumin yana huci ta karan. Da ya bushe, Evaristo ya ɓamɓaro mazubin fuskar, ya cire karan, ramuka biyu suka rage. Ya ɗora shi a kantar shagon, cikin 'yan'uwansa.

A can ƙarshen kantar na yayanta Nicanor yake. Tun hunturun da iska ta farfasa kwale-kwale a gaɓar Valparaíso ba a ji ɗuriyarsa ba. Evaristo ne ya kawo labari: wai Nicanor ya samu jirgin ruwa mai zuwa arewa, yana sauri, amma ya tsaya an ɗauki fuskarsa don Mama, mahaifiyarsu. Ranar takalman Evaristo cike suke da yashi. Ita ta wanke su.

Da wannan mazubi ya yi fuskar da ke ɗakin Mama. Kullum tsohuwar sai ta goge ta da gefen mayafinta. "Ɗan banza, har da rufe ido, kamar na Allah."

Da rana ta yi, mazan suka fita cin abinci. Clorinda ta bi kantar da tsumma. Na alƙali, ramuka biyu. Na matar gwamna, ramuka biyu. Na Don Baldomero, har da ɗuminsa.

Ta ɗauko na ƙarshen, ta ɗaga shi saitin taga. Ta daɗe a haka. Ba ta ji komai ba, sai nauyinsa.

"Clorinda!" Mama ta kira daga kicin. "Ki rage masa wake, ko yau jirgin zai shigo."

"To, Mama."

Ta mayar da shi, ta juya shi ya fuskanci bango. Za ta rage waken, yau da gobe. Ba kuma wanda zai taɓa ji daga bakinta cewa mazubin Nicanor ba shi da rami ko ɗaya.