Askin Jikan Farfesa Uwale

Ranar suna, rago na ɗaure a ƙofar gida, mahauci na zaune da wuƙarsa a kube. Yanzu ba a yanka sai na'urar hukuma ta yarda.

Wanzami Tanimu ya aske kan jaririn, ya tattara gashin ya zuba a bakin na'urar. Kakar yaron, Farfesa Uwale, ita ta ƙirƙiro wannan awon. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana auna sinadaran da ke cikin gashin yara, don a gane wanda ke buƙatar ƙarin abinci. Da abinci ya yi ƙaranci, hukuma ta juya abin: jikin da ba ya riƙe sinadari, ba a ɓarnatar da rabon abinci a kansa.

Fitilar na'urar ta kawo ja: jaririn ya faɗi awon, ba shi da rabo.

"Tanimu, sake aunawa," in ji Farfesa. "Uwarsa kunun kanwa take sha, shi ya rikita awon. Na san inda na'urar nan take kuskure."

"Ranki ya daɗe, kai ya riga ya zama tal. Kuma ke kika ce awo ɗaya ya isa."

Mata suka fara neman takalmansu, ba mai ko sallama.

Raliya mai jego ta fito ta karɓi ɗanta, ba ta dubi uwarta ba.

"Mama, bar shi haka. Tun ina yarinya nake jin ki a rediyo kina cewa gashi ba ya ƙarya."

Ta juya ga mahauci.

"Malam, a mayar da ragon turke, a zuba masa dusa. Shi ai ya ci nasa awon."