Kunun Darbejiya

Ungozoma ta ɗaga ƙwaryar kunun darbejiya na raɗin suna, ta buɗe baki za ta faɗi sunan jariri, sai ta rufe. Sojan Turawa na jingine da ƙofa, bindiga a kafaɗa.

Mu 'yan ƙabilar Santal, ɗan fari sunan kakansa yake ci. Kakan wannan kuwa shi ne ya fasa rumbun Turawa ya raba wa mayunwata, ya hau tsauni da kwari da baka, har suka rataye shi. Suka ce duk ƙauyen da aka ambaci sunan mutumin a cikinsa, wuta.

"Inna, a ba shi wani sunan mana," in ji mai gari ga matar marigayin kakan. "Rufin ɗakunanmu fa na ciyawa ne."

"Wato a sake rataye shi?" in ji matar marigayin. Ta karɓi jaririn, ta harare shi. "Kai tsoho, ka dawo? Ka bar mini shinkafa ba girbi, ka tafi yawon tsauni, yanzu ka zo ko haƙori babu!"

Sojan ya yi dariya ya tafi, don bai ji suna ba. Da ma mace ba ta kiran sunan mijinta. Dattawa suka shanye ɗacin, suka zo ɗaya bayan ɗaya suna sunkuya wa jaririn kamar yadda suke yi wa mai sunan.

Yaron ya girma, ba wanda ya taɓa kiran sunansa. Shekarar da yunwa ta dawo, reshen bishiyar sal na gayyar yaƙi ya zaga ƙauyuka. Babu wanda ya tambayi wa ya aiko, don kowa ya san tsohon ya dawo.